Har Yaushe Za Mu Riƙa Noma Wa Bola?

Duk wanda ya ce maka ƙarancin noma ne ya sa kayan miya suka gagari talaka a ƙasar nan, ya ɓoye maka rabin magana. Noma kam muna yi. Abin da ya gagare mu shi ne mu kai abin da muka noma cikin tukunya kafin ya ruɓe. Manomi ya ci bashin taki, ya sayi fetur da ɗan karen tsada ya yi ban ruwa, ya kwana yana gadin lambu, sannan kaso mai tsoka na abin da ya girbe ya ƙare a bola ƙudaje na bi. Kullum muna gani, har idonmu ya saba, har mun daina jin zafin abin. Wannan sabo da asara shi ya fi ɓata mini rai, domin da zarar jama'a sun saba da ɓarna, waɗanda gyara ya rataya a wuyansu sun samu hutu.

Dubi inda Allah ya ajiye garin Keffi. Motar da ta yi lodin kabeji da karas da kokwamba da dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada ta Jos, in Abuja ta nufa, sai ta gangaro Akwanga, ta wuce Garaku, ta ratsa ta ƙofarmu. Wadda ta ɗauko lemo da mangwaro daga Binuwai, ta Makurdi da Lafiya, ita ma nan ce hanyarta. Ga kuma namu na gida, 'yan lambun bakin rafuka da fadamun ƙauyukan da ke kewaye da mu, masu alayyafo da kuɓewa da yalo da tattasai. Daga nan zuwa Abuja tafiyar kusan kilomita 50 ce, birnin da ke cike da otal-otal da manyan kantuna da ma'aikata, waɗanda ba sa noma ko ganyen latas ɗaya amma kullum sai sun ci. Garin da ya samu irin wannan mazauni, kamata ya yi a ce shi ne ma'ajiyar kayan gwari ta yankin baki ɗaya, inda kaya za su sauka su huce, a tantance su, a jera a kiret, a shiga da su birni da asuba. Amma mun zama 'yan kallo. Kaya na wuce mu da rana tsaka, su je su maƙale a cunkoson Masaka da Mararaba, ruwan tumatir na ɗiga daga ƙasan mota yana bin kwalta. Wanda ya sauka a kasuwanninmu kuwa, a ƙasa ake baje shi a kan buhu, rana na dukansa tun hantsi har la'asar.

Bari in ɗauki kokwamba, domin ita ce ta fi saurin tona asirin sakacinmu. Kusan kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne. Tsinke ta daga jikin uwarta ba ya kashe ta nan take. Tana ci gaba da numfashi, tana cinye ɗan abincin da ta tara, tana fitar da ruwa ta fatarta, ga shi babu saiwar da za ta mayar mata da abin da ta rasa. Masana adana amfanin gona sun daɗe da auna cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin lalacewar irin waɗannan kaya sau biyu zuwa uku. Kokwamba ta fi son sanyi matsakaici, digiri 10 zuwa 12, da iska mai laima sosai, kuma ko a hakan da ƙyar take kai mako biyu. To a bazarar Keffi, Maris zuwa Afrilu, zafi kan haura digiri 35 ko a inuwa, balle a cikin buhun leda a bayan mota. Abin da zai yi mako biyu, cikin kwana biyu ko uku ya yi laushi, ya yamutse, ba mai taya shi.

Mai firji a gida ma kada ya ɗauka ya tsira. Sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 yana yi wa kokwamba illa. Bayan 'yan kwanaki sai ka ga fatarta ta yi ramuka-ramuka, ta jiƙe, da an fito da ita ta fara narkewa. Haka tumatirin da bai gama nuna ba, sanyi mai tsanani yana hana shi nuna yadda ya kamata, ya kashe masa ɗanɗano. Sannan akwai wata iska da ake kira etilin, wadda ayaba da mangwaro da tumatir ke fitarwa sa'ad da suke nuna. Ido ba ya ganin ta, amma ita ke sa kokwamba ta koma ruwan ɗorawa da wuri, ta lalata latas da kabeji. Shiga kasuwa ka duba tebur nawa ne aka jera ayaba da kokwamba kusa da juna, da daddare kuma a tattara su wuri guda a lulluɓe da leda. Mai teburin ba mugunta take yi wa kanta ba, babu wanda ya taɓa gaya mata ne. Ilimin da ɗalibin kwalejin noma ke rubutawa a jarrabawa bai taɓa takowa ya iso teburinta ba, alhali akwai waɗanda ke karɓar albashi da sunan malaman gona domin su kawo shi.

Asarar kuma ba 'yar kaɗan ba ce. Tun 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya, tan biliyan 1.3 a shekara, ba ya shiga cikin kowa. A ƙasashe masu arziki, galibi a kanti da gida ake zubar da shi bayan an ƙoshi. A wurinmu tsakanin gona da kasuwa yake lalacewa, tun mai yunwa bai gan shi ba. A kan tumatir kaɗai, ƙiyasin da jami'an gwamnati da masana ke ta maimaitawa shi ne kimanin kashi 40 cikin 100, ko fiye, na abin da Najeriya ke nomawa yana lalacewa kafin a ci. Wato a duk kwando biyar, biyu na bola ne. Duk da haka ƙasar na kashe kuɗin waje tana shigo da tumatirin gwangwani. A 2014, a birnin Malabo, shugabannin Afirka, har da namu, sun ɗauki alkawarin rage asarar bayan girbi da rabi kafin 2025. Wa'adin ya cika. A je a tambayi mai kasa kayan miya a Keffi ko ta ga wani canji a kwandonta.

Wa ke biyan wannan asara? Dillali la'adarsa a kan kwando take, ko ya ruɓe ko bai ruɓe ba. Direba an biya shi kuɗin mota. Mai yankar rasit da sassafe yake zuwa ya karɓi nasa, tun ba a yi cinikin ko sisi ba. Manomi ne ke fara ɗauka, domin ya san kayan gwari ba sa kwana, mai saye ma ya san ya sani, don haka duk farashin da aka yanka masa dole ya sallama, in ba haka ba gobe ya wayi gari da ruɓaɓɓe. Daga shi sai 'yar kiri, wadda sau da yawa uwar marayu ce ko matar da cefanen gida ya koma kanta. Ta karɓi kwando bashi da safe, ta juye ta tarar saman ne kawai mai kyau, ƙasan duk ya dame. Ta yini a rana tana kasawa kashi-kashi. La'asar na yi sai ka ji muryarta ta canza: "Alhaji, don Allah kwashe duka, kawo abin da ke hannunka, kada ya yi mini kwantai." Ta sayar a faɗuwa, gobe ta sake cin wani bashin don ta biya na jiya. Haka jarin mata ke karyewa a hankali, ba gobara ba sata, kuma babu wani ofishi da ke rubuta sunansu a cikin waɗanda iftila'i ya faɗa wa. A ƙarshe kuma ni da kai, masu cefane, mu ke biyan kuɗin kwanduna biyun da aka zubar a cikin farashin ukun da suka tsira.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi muni. Ruɓaɓɓen ba duka ake zubarwa ba. Fasasshen tumatir da ya fara tsami, wani har da funfuna a bakinsa, ana ware shi gefe a sayar da araha, kuma yana da masu saye: magidancin da aljihunsa ya gaza, da wasu masu sayar da abinci da suka san in an markaɗa an soya ba mai ganewa. Kokwamba da latas da karas kuwa ɗanyu ake cin su. Don kada su yi yaushi, yini ake ana yayyafa musu ruwa daga bokiti guda, ruwan da ba a san inda aka ɗebo shi ba, hannun da ya karɓi kuɗi shi ake tsomawa a ciki. Kwalara da taifot ta gurɓataccen ruwa da abinci suke kama mutum, kuma ƙasar nan ta ga abin da kwalara ta yi a 2021, lokacin da aka ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu. A bar kasuwar da ake sayar da abin ci ɗanye babu famfo mai tsabta a cikinta, wasa ne da rayukan mutane. Ga kuma masu nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin kabaid na masu walda, duk da gargaɗin da hukumar NAFDAC ta sha yi. Ba na ba su uzuri ko kaɗan, cuta ce suke yi wa bayin Allah. Amma a san tushen abin: ɗanye ake tsinko su domin nunanne ba zai jure hanyarmu da ranarmu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, maganin wani sashe na wannan ciwo ɗan Arewa ne ya fito da shi, duniya ta yaba masa, mu muka yi ko oho. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya kuma tashi a gidan masu ginin tukwane. A shekarun 1990 ya ɗauki abin da kowace tsohuwa ta sani, cewa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, ya mayar da shi ma'ajiyar kayan lambu. Tukwanen ƙasa biyu ake samu, babba da ƙarama. A sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin sosai, a zuba kayan a cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa ƙara ruwa safe da yamma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa, yana tafiya da zafin da ke ciki. Babu lantarki, babu fetur, babu wani abu da za a yi odarsa daga waje. A gwajin da ya yi, yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi mako uku, alayyafon da ba ya wuce yini guda ya yi kwana 12. Da kuɗin aljihunsa ya sa aka gina dubban tukwane ya raba a ƙauyukan Jigawa. Ya kuma lura da wani alheri da ya biyo baya: gidan da ba ya tsoron kaya su kwana, ba dole ba ne ya tura yarinya talla kullum, sai ta samu damar zuwa makaranta. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo da dala 75,000, a 2001 mujallar Time ta Amurka ta sa aikinsa cikin ƙirƙire-ƙirƙiren shekara, har dabarar ta bazu zuwa Sudan.

Yau an haura shekara 20. Gida nawa ne a Keffi ke da wannan tukunya? Ba masu gini muka rasa ba. Yankin nan ne na matan Gbagyi da duniya ta san su da ginin tukunya, yankin Ladi Kwali da hotonta ke kan takardar naira 20. Yumɓu muna da shi, yashi muna da shi. Abin da babu shi ne hukuma ɗaya da za ta ɗauki abin da muhimmanci, ta tara magina da matan kasuwa ta nuna musu. Na yi imani abin da ya hana shi ne arahar da yake da ita, domin abin da ba ya cin miliyoyi ba ya samun mai tsaya masa a teburin kasafi.

Ban ce tukunya za ta warware komai ba. Da busasshiyar iska take aiki, Keffi kuwa ba Dutse ba ce. Daga Afrilu zuwa Oktoba laima na cika iska, sanyin da tukunyar ke bayarwa ya ragu ƙwarai. Amma a hunturu da farkon bazara, daidai lokacin da kayan noman rani ke cika kasuwa, tana aiki. Ga mai kaya da yawa kuma akwai babbar yayarta, wadda cibiyar binciken noma ta Indiya ta yaɗa tun shekarun 1980: ɗan ɗaki mai bango biyu na jan bulo, yashi mai ruwa a tsakani, rufin ciyawa a sama. A nan gida ma muna da cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, mai hedikwata a Ilorin da reshe a Kano, wadda tushenta ya faro tun 1948, kuma ta ƙera irin waɗannan na'urorin sanyaya kaya marasa lantarki. Ilimin yana nan jibge.

Kayan damina da na manyan 'yan kasuwa kuwa sai ɗakin sanyi na gaske. A nan ne za a ce mini ai babu wuta, kuma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, janareto ya zama sai wane da wane. Gaskiya ne. Amma tun 2015 wani ɗan ƙasar nan, Nnaemeka Ikegwuonu, ya kafa kamfanin ColdHubs a Owerri, yana gina ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a cikin kasuwanni. Mai kaya ya kawo kiret ɗinsa ya ajiye, ya biya na kwana, wanda a farko naira 100 ne, kayan da ke lalacewa cikin kwana 2 su kai har kwana 21 kamar yadda kamfanin ke faɗa. A cikin jiharmu ta Nasarawa ma, a 2021 kamfanin Husk ya kunna ƙananan tashoshin sola a ƙauyukan Doma da Lafiya. Saboda haka kada wani ya ce fasahar ta fi ƙarfinmu. Kuma ku lura da wannan: duk wani babban gari a ƙasar nan za ka samu ɗakin sanyi na kifin ƙanƙara, wanda aka kamo a tekun wasu ƙasashe, aka ratsa da shi dubban kilomitoci bai narke ba. An iya tsare sanyi ga kifin baƙi tun daga jirgin ruwa har zuwa Keffi, amma kokwambar da aka noma a bayan gari an kasa tsare ta kwana uku. Kifin yana da manyan attajirai a bayansa, ita kuwa talaka ne mai ita.

Masu riƙe da lalitar gwamnati sun ɗauka noma a girbi yake ƙarewa. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Jihar Kebbi, aka zuba masa sama da naira tiriliyan ɗaya a shekarun da suka biyo baya, har aka jera dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022. Kowace damina da kowane rani jihohi na taron rabon taki da iri da injinan ban ruwa. Ban ƙi ba, manomi na buƙata. Amma ka ba mutum inji ya ninka abin da yake nomawa, ba ka tanadar masa inuwa ko kiret ko sanyi ba, ɗibar ruwa da kwando ka sa shi. Ranar da kowa ya girbe lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas, wanda ya fi noma shi ya fi asara. Dalilin fifita rabon taki kuma ba ɓoyayye ba ne. Yana da kwangila mai maiƙo, yana da taro da 'yan jarida, ana kuma iya sallamar 'yan jam'iyya da shi. Rumfar kasuwa da famfo ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ko da aka waiwayi abin da ke bayan girbi, sai aka tafi ga ƙaton abu. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa a Kano, wadda aka buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, ta sha tsayawa saboda rashin samun kaya yadda take buƙata. Ba laifi ba ne a gina masana'anta, amma mai kwando biyu a Keffi ba ita za ta cece ta ba.

Mun kuma ga sakamakon. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, farashi ya yi tashin gwauron zabo. A tsakiyar 2024 aka sake shiga irin wannan hali, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, duk da dokar ta-ɓaci kan abinci da aka ayyana a Yulin 2023, har mata suka koma markaɗa kokwamba da karas suna miya saboda tumatir ya gagara. Watanni kaɗan kafin nan, a ganiyar kakarsa, tumatirin nan ne ake rasa yadda za a yi da shi. Iyayenmu sun san maganin wannan, suna yanka shi su shanya su yi kauɗa. Har gobe ana yi, amma a ƙasa, a gefen titi, ƙura da awaki na bi ta kai. Akwatin busarwa mai amfani da zafin rana, na katako da raga da farar leda, kowane kafinta zai iya haɗa shi in an nuna masa sau ɗaya.

Hanya ma da nata. An faɗaɗa titin Keffi zuwa Makurdi, a 2025 aka fara karɓar kuɗin bin sa. To, titi ya yi kyau, amma motar kayan gwari har yanzu tsayawa take a shinge bayan shinge, wannan ya ce haraji, wancan ya ce takarda, kaya na dahuwa a baya. A farkon 2021 da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu, cikin ƙorafe-ƙorafenta har da wannan tatsa ta kan hanya. Duk sa'ar da aka ɓata wa motar tumatir a rana, wani ne aka cire wa abinci daga baki.

Mu ma 'yan kasuwa da manoma ba zan wanke mu ba. Mene ne amfanin tsinkar kaya da rana tsaka, alhali da sanyin safiya ya fi? Me ya sa ake barin su a fili bayan an tsinka, ga bishiya nan kusa? A cika kwando har ya yi toliya, a ɗora wani a kansa, a ɗora na uku, yaron mota ya hau sama ya zauna. Tsinken kwandon na soke na gefe, nauyi na murƙushe na ƙasa, ruɓaɓɓe ɗaya da aka ƙi cirewa ya shafa wa sauran. Kiret ɗin roba mai ramuka ya magance duk wannan, domin in an jera shi kiret ne ke ɗaukar nauyin kiret, iska na ratsawa, ana wanke shi a sake amfani da shi shekara da shekaru. Wasu tsada ce ta hana su, wannan kuwa hayar kiret za ta warware shi. Amma wasu ƙin sa suke yi da gangan, saboda kiret ba ya ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa, kuma awonsa ba ya ƙarya. Wannan algus ne, kuma duk mai yin sa ya san hukuncinsa a addini, Musulmi ne ko Kirista.

Uwargida, ke ma da naki. Sayi abin da za ki ci cikin kwana biyu ko uku. Kada ki wanke kokwamba sai za ki yanka, ki naɗe ta a busasshen ƙyalle ko takarda, ki raba ta da ayaba da tumatir. In firji za ki sa ta, ki nemi inda sanyinsa ya fi sauƙi. Albasa kuwa iska take so da bushewa, ɗaure ta a leda kashe ta ne.

Amma dabarar cikin gida ba za ta ɗauke wa hukuma nauyinta ba. Kullum ana karɓar kuɗin kasuwa daga hannun matan nan, to ina abin da aka mayar musu? Shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli su fito da lissafin abin da kasuwannin Keffi ke tarawa a shekara, su ware wani kaso a fili don rumfuna masu tsawo da iska ke ratsawa, da dandamalin ɗora kaya, da famfo, da kwashe shara kullum. Gwamna Abdullahi Sule injiniya ne, ya shugabanci kamfanin sukari na Dangote kafin ya hau mulki a 2019, ba sai an koya masa abin da jinkiri ke yi wa amfanin gona tsakanin gona da masana'anta ba. Gwamnatinsa ta ba da fili da sauƙin haraji ga duk mai son kafa ɗakin sanyi na sola a cikin kasuwa, inda mai kwando ɗaya za ta iya biya, a kuma sa wanda ya san aikin ya kula da shi, wanda ya san sanyin kabeji daban na kokwamba daban. Jami'ar Jihar Nasarawa a cikin garin nan take, tsangayarta ta noma na Shabu. Malamanta su fito da ɗalibai su gina ɗakin bulo da yashi guda ɗaya a bakin kasuwa, su auna, su faɗa wa mutane sakamakon da Hausa da Gbagyi da Eggon da Mada, a rediyo da bakin tebur. Muna kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Keffi, Allah ya ja zamaninsa, ya tara shugabannin kasuwa da dillalai a kan maganar kiret da algus, domin maganar fada tana shiga inda takardar ofis ba ta shiga.

Ku kuma 'yan gwari, maza da mata, kuna da ƙungiya, kuna da yawa, kuna da ƙuri'a. Masu neman kujera za su zo kasuwa su ɗaga muku hannu, su raba atamfa da sabulu. Kada ku bar ko ɗaya ya fita sai ya faɗa a gaban jama'a rumfa nawa zai gina, ina zai kafa ɗakin sanyi, kuma a wane wata. Ku rubuta abin da ya ce, ku ajiye, ranar da ya dawo ku karanta masa.